Yadda ake cire siraran karce daga baƙin fentin mota, da yadda ake hana su dawowa

Duk mai baƙar mota a Legas ya san wannan takaicin: an wanke mota tas, a inuwa tana sheƙi kamar madubi, amma da zarar rana ta haska bonet, ko aka tsaya ƙarƙashin fitilar gidan mai da daddare, sai wasu siraran zane-zane su bayyana suna kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Mutane da yawa suna ɗauka fentin ne ya tsufa, alhali kuwa ƙananan karce ne barkatai, kuma yawancinsu a wurin wanki aka same su. Farar mota ma tana da su, sai dai shi karce fari-fari yake fitowa, don haka a kan fari yakan ɓace, a kan baƙi ko shuɗi mai duhu kuwa ba shi da maɓoya.

Kafin a taɓa motar, ya kamata a san inda karcen yake. Fentin motar zamani hawa uku ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan akwai na sama mai garai-garai wanda masu fenti ke kira kiliya, shi ne mai ba da sheƙi kuma yake kare launin daga rana. Kaurin wannan kiliya a motar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Folish ba cike karce yake yi ba, kankare kiliyar yake yi har ta daidaita da zurfin karcen, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa. Saboda haka duk wanda ya yi maka tayin bi da injin folish a kan motarka kowane wata, ka gode masa ka wuce. Idan motar tokumbo ce, a bincika ko an taɓa sake mata fenti, domin da yawansu an yi wa ƙofa ko bamba feshi kafin a sayar, kuma ba lallai kaurin ya zama ɗaya ko'ina ba. Ƙwararru suna da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, kuma aikin minti kaɗan ne.

Matakin farko shi ne dubawa. A shigar da motar inuwa, a haska ta da tocila ko fitilar waya daga gefe, sannan a bi karcen da farce a hankali. Wanda farce ya wuce shi bai ji komai ba, folish zai iya cire shi. Wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfi, abin da za a iya yi kawai shi ne a rage bayyanarsa, idan kuma har ana hango fari ko toka a ƙasansa, to wannan aikin mai fenti ne.

Sai wanki, kuma a nan ne za a fi daɗewa, domin wankin da za a yi yau shi ne irin wanda za a riƙa yi daga yanzu. A fara da kwarara ruwa a jikin motar daga sama zuwa ƙasa, ba tare da an sa hannu ba, har ƙura da yashi su sauka da kansu. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla. Ana tsoma safar wanki ta maikirofaiba, wato wani yadi mai laushi sosai, a na sabulu, a wanke ɓangare guda, sannan a ɗauraye ta a na ruwa zalla kafin ta koma cikin sabulu, ta yadda yashin da ta kwaso zai zauna a gindin bokiti na biyu. Rufin mota ake fara wankewa, sai gilasai da bonet da ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba su zo ƙarshe saboda nan taɓon damina yake taruwa. Tayoyi kuwa da sosonsu daban da bokitinsu daban. Garin sabulun wankin kaya da sabulun wanke-wanke ba su da gurbi a nan, domin suna wanke waks ɗin da ke kare fenti, kuma ba su da santsin da zai sa yashi ya zame. A tsane motar nan take da tawul na maikirofaiba mai laushi, musamman idan ruwan bohol ne, wanda idan ya bushe da kansa yakan bar ɗigo-ɗigon tabo a kan baƙin fenti.

Bayan ta bushe, a sa hannu cikin leda mai shara-shara a shafa bonet. Idan an ji kaushi-kaushi, akwai ƙwalta da datti da suka manne, waɗanda wanki ba ya cirewa. Ana cire su da wani yumɓu mai danƙo da ake sayarwa don wannan aiki, a fesa ruwan sabulu sosai, a riƙa ja da shi a miƙe ba tare da dannawa ba, ana naɗe shi ana buɗe sabuwar fuska. Idan ya faɗi ƙasa, a jefar da shi, ko da sabo ne. Masu sayar da kayan gyaran jikin mota a kasuwar Ladipo da ke Mushin da shagunan intanet sukan ajiye shi tare da folish da soso.

Yanzu an zo kan folish ɗin kansa. Jikin motar ya zama da sanyi, kuma a inuwa, domin a zafin ranar Legas folish yakan bushe kafin ya yi aiki. A rufe baƙaƙen robobi da kaifafan gefuna da tef ɗin takarda, saboda fenti ya fi siranta a gefe. Inji iri biyu ne. Akwai mai juyawa wuri ɗaya, wanda aka fi gani a hannun masu fenti, yana da sauri amma yana ɗaukar zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yakan ƙona fenti ko ya bar nasa zanen mai walƙiya. Akwai kuma mai juyawa yana karkarwa, wanda ake kira DA, shi ne ya dace da mai koyo. A tabbatar da wuta tsayayya, ko a tayar da janareta, kafin a fara.

Kada a hau motar gaba ɗaya. A zaɓi wuri guda a kan but, kamar santimita 60 tsawo da 60 faɗi, a gwada da folish mafi laushi da soso mafi laushi. Ɗigo uku ko huɗu, kowanne kamar ƙwayar wake, sun isa. A ɗora soson a kan fenti kafin a kunna injin, a baza folish ɗin da ƙaramin gudu, sannan a ƙara gudu a riƙa tafiya a hankali, daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, kowane layi yana hawa rabin na bayansa, kamar sau huɗu. A goge da tawul mai tsabta, a fesa ruwan IPA, wato wani sinadarin alkohol na goge-goge, da aka sirka, kashi ɗaya cikin kashi huɗu na ruwa, a sake gogewa, a haska tocila. Wannan sirkin yana da muhimmanci, domin man da ke cikin folish yakan ɓoye karce na ɗan lokaci, mutum ya yi murna, bayan wanki biyu su dawo. Idan karcen ya tafi, a bi sauran motar da wannan haɗin, ana share soson bayan kowane ɓangare. Idan bai tafi ba, sai a koma ga folish mai ƙarfi da ake kira kamfawun, daga baya a bi sawunsa da mai laushi, in ba haka ba baƙin fenti zai yi hazo. A ganina, idan mafi yawan karcen sun tafi, a haƙura da ragowar masu zurfi. Motar da ke shiga gosulon Oshodi kullum ta fi buƙatar kiliyarta fiye da cikakken sheƙi. Wanda ba shi da inji zai iya yi da hannu da ƙaramin soso, amma ya shirya wa ciwon kafaɗa, kuma sakamakon ba zai kai na inji ba.

Fentin da aka goge tsirara yake, sai a rufe shi a ranar. Abubuwan da ake shafawa don kare shi iri-iri ne: waks yakan yi wata biyu zuwa uku, silant kamar wata shida, shafin siramik kuwa yakan kai shekara biyu ko fiye idan an shafa shi daidai. Babu ɗayansu da ke hana karce, sai dai su sa datti ya daina kamawa sosai. Idan sabon feshi ne, a jira aƙalla wata guda, ko abin da mai fentin ya ce, kafin a shafa komai.

Abin da ya rage shi ne tsumman safe. A gidaje da yawa, daga Agege har Lekki, direba ko mai gadi yakan tashi da sassafe ya goge motar da busasshen tsumma don ya faranta wa maigida rai, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙurar hunturu ke sauka. Niyya mai kyau ce, amma ƙurar nan yashi ce, kuma goge ta a bushe daidai yake da bin fenti da samfefa. Mako biyu na haka ya isa ya rushe aikin yini guda. A zauna da shi a nuna masa karcen da tocila, a ce masa: "Malam, idan babu ruwa, a bar ta da ƙurarta." A ba shi safa da tawul nasa, kuma idan za a kai motar wurin masu wanki, a tafi da su, domin soson da ke can ya riga ya wanke motoci da yawa tun safe. Haka nan kada a lulluɓe mota mai ƙura da tamfol, iska za ta riƙa goga shi a jikinta har gari ya waye. Kashin tsuntsu kuwa bai kamata ya jira ranar wanki ba, domin yana cin kiliya: a jiƙa tawul a ɗora a kansa na minti biyu ko uku har ya yi laushi, sannan a ɗauke shi sama ba tare da an ja ba.