Kurakuran da na gaji da gani wajen gwajin halin yaran besbol

Na yi shekaru ina riƙe wa wani dattijo mai farautar 'yan wasa jaka a nan Amurka. In je kallon wasan yaran sakandare, in rubuta abin da idona ya gani, in raka shi gidajen iyaye. Duk shekara sai na ga sababbin shiga sana'ar suna faɗawa ramukan da na faɗa, musamman kan gwajin halin da ake yi wa yaro kafin ƙungiyoyi 30 na MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru, su zauna zaɓen sababbin 'yan wasa a watan Yuli. Bakina ya gaji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gudun yaro agogo ke auna shi, ƙarfin jifarsa kuma akwai na'urarsa. Zuciya ce ta gagari awo. Yaro ɗan shekara 18, an danƙa masa kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba, an tura shi ƙananan rukunai yana ta kwana a bas, a wasan da gwani ma in ya fito bugu sau goma, bakwai a banza yake komawa benci: zai jure? Don amsa wannan ne Bruce Ogilvie da Thomas Tutko, malaman ilimin halayyar ɗan Adam a San Jose ta jihar Kalifoniya, suka tsara tambayoyi 190 a shekarun 1960, masu auna halaye 11 kamar himma da jin maganar koci da danne fushi. Yau ƙungiyoyi da dama na da nasu salon, kuma tun 2021 ana tara fitattun yara wuri guda a gwada su, a yi musu tambayoyi ido da ido.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne koya wa yaro amsa. Ni da kaina na aikata. Akwai wani mai jifa da hagu da na ƙwallafa rai a kansa, uban ya roƙe ni in "ɗan shirya shi". Muka zauna a teburin kicin ɗinsu, uwar na ta ƙara mana lemo, ina ce masa duk inda aka tambaye ka ko kana jin tsoro ka ce a'a, ko kana fushi ka ce a'a. Abin da ban sani ba, masu tsara irin wannan takarda sun riga ni wayo. Tambaya ɗaya sai su sauya mata riga sau uku su warwatsa, kuma akwai waɗanda aka dasa musamman don kama mai son ya fito fes. Sakamako ya dawo da alamar cewa ba a yarda da amsoshinsa ba. Yaron da bai taɓa yi mini ƙarya ba, na sa aka rubuta shi cikin masu ɓoye-ɓoye. Maigidana ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka ɓata mini takarda, ka ɓata wa yaro suna." Shekara biyu ba ya tura ni gidan kowa ni kaɗai. Don haka ku ji da kyau: ku bar yaro ya amsa da bakinsa! Abin da kawai nake gaya musu yanzu, ka ci abinci, ka yi barci, ka kashe waya, kuma kada uba ya zauna a ɗakin.

Na biyu ya fi ba ni kunya, domin ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi shi. Wani yaro ne iyayensa 'yan Fotoriko, makinsa na zafin nama ya fito ƙasa, a hira kuma kansa a sunkuye, amsa ɗaya-ɗaya. Na rubuta cewa ba shi da wuta a ciki. Ni fa, da aka rene ni a gidan da haɗa ido da babba rashin kunya ne! Sai daga baya na gane da Ingilishi aka ba shi takardar, alhali Sifaniyanci ake yi a gidansu. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, na gan shi a fili yana cin ƙasa saboda ƙwallo ɗaya. Ku da kuke jin yaro mai surutu shi ne jarumi, ina kuka samo wannan? Tun daga ranar ba na karanta sakamako sai na tambaya da wane harshe aka cika, kuma wa ke zaune kusa.

Sauran ƙanana ne. Kada ku karanta makin kafin ku ga yaro a fili, ido zai bi abin da takarda ta faɗa. Kada ku auna ɗan sakandare da mudun ɗan jami'a mai shekara 21. Kada ku kai wa yaro takarda ran da aka lallasa su a wasa. Kuma sakamakon yaro ba abin hira ba ne a bakin fili.

Akwai kuma masu ɗaukar gwajin kamar bugun ƙasa. Brien Taylor shi 'yan ƙungiyar Yankees ta New York suka ɗauka na farko a zaɓen 1991, suka ba shi dala miliyan 1.55. A Disambar 1993 ya lalata kafaɗarsa a wani faɗa da ya shiga saboda ɗan'uwansa, bai taɓa taka babban rukunin MLB ba. Wace tambaya ce za ta hango wannan daren?

Ni dai ɗabi'ata, wadda abokan aiki ke yi wa dariya, ita ce in isa fili awa biyu kafin wasa. In ga wa ke taya kwashe ƙwallaye, wa ke barin ƙananan yara da ɗaukar kaya. Idan aka fitar da yaro bai taɓa ƙwallo ba, ba na bin wasan da ido, shi nake bi har benci in ga abin da zai yi da hular kwanonsa. Bayan an tashi in nemi direban bas ɗin makaranta in saya masa kofi. Sai na koma mota sannan nake buɗe ambulan ɗin sakamakon gwajin.