Yadda na sauya lasisin jagorar manhajarmu

Mu 'yan unguwar Nima ta Accra ne muka haɗa wata ƙaramar manhaja ta lissafin shago. Manhajar tana kan lasisin GPL na 3 (ƙa'idar da ke ba kowa damar kwafa da gyara manhaja), jagorar amfani da ita kuwa muka sa mata GFDL, wani lasisi na rubuce-rubuce, don mun ga haka ake yi. Ranar da zan kwashi misalai daga jagorar in zuba cikin manhajar, wani yayanmu ya ce, "Ƙanena, dakata, waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna."

Sai na zaɓi mayar da jagorar kan wani lasisin, CC BY-SA 4.0, domin tun 2015 aka amince rubutun da ke kansa ya shiga aikin GPL na 3, sai dai shiga ce ba komowa. Ƙofar da Wikipedia ta bi a 2009 ta koma CC BY-SA daga GFDL ba tare da tambayar kowane marubuci ba kuwa tuni ta rufe, dole kowane marubucin jagorar ya yarda.

Umarnin git shortlog -sne, mai jero sunayen waɗanda suka sa hannu a aiki, ya fito min da mutum bakwai. Shida suka amsa a rubuce, na adana saƙonninsu. Na bakwai ya koma Kumasi, wayarsa kullum a kashe. Sakin layinsa uku na goge, na sake rubuta su daga tushe da kaina, sannan na canza fayil ɗin LICENSE mai ɗauke da lasisin jagorar.