Yadda za ka zaɓi kalmar Turanci idan abu ya saɓa wa doka

Mu a Hausa "haramtacce" ta ishe mu. Turanci kuwa ya rarraba abin gida-gida, kuma nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Ga yadda nake bi.

Da farko ka tambayi kanka, wa ya hana? Idan rubutacciyar dokar ƙasa ce, illegal za ka ɗauka. Kada ka cakuɗa ta da haramcin addini: giya haramun ce ga Musulmi, amma sayar da ita a Legas ba illegal ba ne. Unlawful ƙanwarta ce, sai dai ta fi zama a bakin lauyoyi da takardun kotu.

Daga nan ka duba, da can ana yin abin a fili ne, hukuma ta zo ta taka masa birki? To, banned ke nan. Haka aka yi wa acaɓa a Kano a 2013, haka aka yi wa maganin tari mai kodin a 2018. Prohibited ma'anarsu kusan ɗaya, amma ita ta allon gargaɗi ce, irin wanda ke filin jirgi. Idan ƙungiya aka haramta, kamar Boko Haram a 2013, sai ka ce proscribed. Ka lura da wasalin nan, domin prescribed maganin da likita ya rubuta maka ne.

Wadda ta fi ba mutane wahala ita ce illicit. Tana ɗauke da warin ɓoye-ɓoye da abin kunya. Illicit drugs su ne ƙwayoyin da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke kamawa, amma illicit affair neman da ake yi a bayan idon mutane ne, ko da kuwa babu alƙalin da zai saurari ƙarar. Idan abin a duhu ake yin sa, ita ce ta fi dacewa.

In kaya ne, kamar shinkafar da aka tsallako da ita ta bayan kwastam a Jibiya, contraband ne, kayan fasa-ƙwauri. Ba ta da jam'i, kada ka liƙa mata "s".

A ƙarshe ka sake karanta abin da ka rubuta. Ina aji biyu wani malami ya rubuta min illegible da jan biro a littafina. Kwana na yi gabana na faɗuwa, ina zaton laifi na yi wa hukuma. Ashe rubutuna ne ba ya karantuwa.