Sabon zuwa Amurka, ka iya takunka da bashi

Da ka ɗan kwana biyu da samun lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba ka don aiki da haraji, za ka fara ganin wasiƙun bankuna a akwatin gidanka, wai ka karɓi katin bashi, kai kuma ka ɗauka banza ta faɗi. Katin kam kana buƙatarsa, don da shi ake gina makin kiredit, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi, wanda ke tashi daga 300 zuwa 850, kuma shi mai gidan haya ke dubawa kafin ya miƙa maka makulli. Amma abin da ka kashe a wata ka biya shi duka kafin ranar da suka yanka, ta haka ba ruwanka da riba ko sisi. In kuwa ɗan ƙaramin kuɗin da suka rubuta dole ka biya duk wata kawai kake jefa musu, ruwan katunan da yawa ya haura kashi 20 a shekara, kana biya yana tsirowa.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne kunya. Ɗan garinku zai zo, "Yaya don Allah sa min hannu a takardar bashi in ciro mota in fara Uber", kai kuma ka kasa cewa a'a. To ranar da ya daina biya, kai banki zai bi, bashin naka ne gaba ɗaya.

In abu ya caɓe ba a ɗaure mutum kan bashin kati ko na asibiti, amma sammacin kotu kar ka kuskura ka cusa shi ƙarƙashin katifa, in ba ka amsa ba za a yanke hukunci a bayan idonka, a riƙa cire har kashi 25 na albashinka.

Akwai dokar karayar arziki. Babi na 7 yana shafe yawancin bashin kati da na asibiti cikin 'yan watanni, tabon ya zauna a tarihinka na kiredit shekara 10. Babi na 13 kuma tsarin biya ne na shekara 3 zuwa 5. Kuɗin ciyar da yara ba ya shafuwa, bashin karatu ma da ƙyar.

Sai dai ka faɗa wa lauya komai, har filin da ka saya a gida, don rantsuwa kake yi. Kuma in ka yi saurin biyan ƙaninka bashinsa ka bar banki, duk abin da ka ba ɗan uwa cikin shekara guda kafin ka shigar da takarda, wakilin da ke kula da shari'ar yana iya bin sa ya karɓo.