Mai kakkaurar murya da ke son koyon waƙa, ga inda ake tafka kuskure

Na fara koyon waƙa ina shekara 34, da murya irin wadda in na yi sallama a soro yara ke rugawa ciki su ce wani dattijo na neman Baba. Duk kuskuren da zan faɗa na yi shi da kaina.

Wanda ya fi cin mutane shi ne bin siririyar murya. Ka saba jin waƙoƙin soyayya da ake bugawa a situdiyoyin Zoo Road a Kano, murya can sama, sai kai ma ka ɗaga haɓa ka matse maƙogwaro har jijiyar wuyanka ta fito kana son ka kamo mawaƙan, kafin ka gama baiti biyu ka fara tari. Malam ba za ka kamo su ba. Tantanin da ke ba da sauti a maƙogwaronka ya fi nasu kauri da tsawo, shi ya sa yake kaɗawa a hankali sautin ya fito ƙasa, haka Allah ya yi ka. Kuma kar ka manta da yawa an bi ta kansu da Auto-Tune, manhajar da ke gyara murya a kwamfuta. Gyaran mai sauƙi ne, ka ce wa mai fiyano ya sauke maka kiɗan, akwai maɓallin da ake dannawa ya sauko mataki-mataki, ya rage uku ko huɗu ka gwada, in bai zauna ba a ƙara. Karin waƙar bai canza ba, waƙar tana nan yadda take. Ni kunya ce ta hana ni faɗa har wata shida, ranar da na faɗa yaron da ke kaɗa fiyanon ya danna sau huɗu ya ce “Yaya to ai da ka yi magana tun tuni”.

Wasu kuma in sun gane muryarsu ta ƙasa ce sai su wuce gona da iri, su danne ta can ƙasan rijiya wai don ta yi kwarjini, kalmomin su cakuɗe ba a jin komai sai gurnani. Fara daga inda kake hira da mutane, nan ne gidanka, daga nan ka riƙa hawa kaɗan kana sauka kaɗan. Buɗe baki sosai, kauri na cinye harafi.

Sai numfashi. In ka ja iska kafaɗarka ta ɗaga to ba daidai ba ne. Kwanta rigingine ka ɗora littafi a ciki, ka ja iska ka ga littafin ya tashi, haka ake so ko a tsaye.

Kar kuma ka tashi daga barci ka fyaɗa waƙa da ƙarfi, yi minti 10 kana “mmm” baki a rufe tukuna. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai.

Lokacin hunturu ƙurar Kano ba ta raga wa kowa, ka rufe hanci in za ka hau Adaidaita, ka sha ruwa akai-akai tun da safe. Zuma da citta suna sa ka ji daɗin maƙogwaro, ban hana ba, amma ba su za su gyara murya da ka wahalar ba, hutu ne zai gyara. Yawan kakari da yin raɗa in murya ta dishe ƙara mata wahala suke. In dishewar ta wuce sati uku je ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

In ka naɗi kanka a waya, saurara da abin kunne. Sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, na kusa barin waƙa gaba ɗaya saboda ita.