Yadda ake ƙulla gajeren labarin binciken kisa: darasi daga ɗakin Julia Stoner

Daga ƙarshe ake fara gina labarin bincike. Kafin ka rubuta layin farko, sai ka san wanda ya yi kisan, da abin da ya yi amfani da shi, da ribar da zai ci. Labarin Sherlock Holmes mai suna The Speckled Band, wanda Arthur Conan Doyle ya fitar a mujallar Strand a Fabrairun 1892, ya isa misali. Za mu fasa ƙwansa a nan.

Fara da dalili, kuma ya zama wanda za a iya lissafawa. Dakta Roylott yana cin dukiyar matarsa marigayiya, amma wasiyya ta ce duk agolarsa da ta yi aure za ta riƙa karɓar fam 250 a shekara. Julia, ɗaya daga cikin agololin, ta mutu ana saura mako biyu bikinta. Yanzu 'yar'uwarta Helen ta sami miji, an kuma mayar da ita ɗakin da Julia ta mutu, sai ta kai kukanta wurin mai bincike Holmes.

Sai alamu, inda aikin yake. Huɗu ko biyar sun wadatar, kowacce ta zama abu ne da ido ke gani, kuma a ajiye ta a fili. A ɗakin akwai igiyar ƙararrawa da ba ta kaɗa komai, da 'yar tagar iska da ta buɗe cikin ɗakin Roylott maimakon waje, da gado da aka kafe a ƙasa. A ɗakin likitan kuma ga akwatin ƙarfe da ɗan faranti na madara. Ɗauki kowacce ita kaɗai, ba za ta wuce sakacin magini ko abincin kyanwa ba. Jera su kuwa, sai hanya ta fito: maciji ya bi ta taga, ya sauko ta igiya, ya tarar da mai barcin da gadonta ba ya gusawa. Abin da masu karatu ke nema ke nan, su ga amsar tana gabansu tun ɗazu. Gwada kowace alama da tambaya biyu: tana da bayani marar laifi? In an cire ta, warwarar za ta rushe? Wadda ta faɗi tambaya ta biyu, share ta.

Sawun ƙarya guda ɗaya ya isa. Doyle ya sa wasu matafiya masu zama a tanti cikin filin gidan, kalmar Turanci "band" da Julia ta furta tana gargarar mutuwa kuma tana iya nufin ƙungiyar mutane ko ɗamara. Holmes kansa ya bi sawun nan da farko. Irin wannan wasan ba ya tsallaka harshe, don haka mai rubutu da Hausa ya nemi kalmarsa mai fuska biyu, kamar gari ko baƙi da baki a kunnen wanda ya firgita.

Mai ba da labari kada ya zama mai binciken. Watson, abokin Holmes da ke ba da labarin, yana ganin duk abin da Holmes ya gani, fassarar ce ke kuɓuce masa, ta haka ba a ɓoye wa mai karatu komai ba.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan labari shi ne fito da hujja a shafin ƙarshe wadda ba a taɓa nunawa ba. Na biyu, rashin tantance makamin kisa, kuma nan Doyle ma ya yi tuntuɓe: macijin Indiya da ya ambata babu shi da wannan suna, maciji ba shi da kunnen waje da zai amsa fiton da Roylott ke kiransa da shi, madara kuma ba abincinsa ba ce. In dafi za ka sa, tambayi likita tsawon lokacin da yake ɗauka da tabon da yake bari a jiki.