Yadda Ake Shirya Tafiya Gyaran Haƙori a Turkiyya a Haɗa da Hutu

Turkiyya ta shiga sahun ƙasashen da mutane suka fi nufa idan suna son a yi musu babban aikin haƙori a kan kuɗin da bai kai na yammacin Turai ba, musamman biranen Istanbul da Antaliya da Izmir, inda asibitoci masu zaman kansu suke haɗa wa baƙo aikin haƙorin da ɗakin otal da motar da za ta ɗauko shi daga filin jirgi, duka a kan farashi ɗaya. Ba ita ce ta fara wannan harka ba. Mutanen Austriya da Jamus sun daɗe suna tsallakawa Hungary, zuwa Budapest da garin Sopron da ke bakin iyaka, Amurkawa kuma suna yin tururuwa zuwa ƙaramin garin Los Algodones na Meziko, wanda likitocin haƙori suka cika titunansa. Mu ma Hausawa mun san haɗa tafiya da aikin haƙori, tunda alhazai sun daɗe suna dawowa gida da haƙorin Makka, sai dai wancan ado ne da ake gamawa cikin ɗan lokaci, wannan kuwa sau da yawa tiyata ce da take shafar ƙashin muƙamuƙi.

Kafin komai, ya kamata ka tambayi kanka ko arahar da ake tallatawa ta shafe ka. Farashin Turkiyya yana da sauƙi ne ga wanda yake zaune a Ingila ko Jamus ko Amurka yana karɓar albashi da fam ko yuro ko dala, domin hayar gini da albashin ma'aikata da kuɗin masu haɗa haƙoran roba da na tangaran duk sun fi sauƙi a can. Wanda yake samun kuɗinsa da naira ko sefa lissafinsa daban ne, domin asibitocin da suke karɓar baƙi da kuɗin waje suke yanka farashi, ga tikitin jirgi, ga biza, ga abinci. Cike kogon haƙori, da wankin haƙora, da cire wanda ya lalace, da ma aikin jijiyar haƙori, duk ana yin su a gida a kan kuɗin da bai kai na tikiti kaɗai ba. A ganina tafiyar ba ta da ma'ana sai idan aikin babba ne, kamar dashen haƙora da yawa ko gyaran baki gaba ɗaya, ko kuma idan dama kana da niyyar zuwa hutu ko sarin kaya a Istanbul kana son ka haɗa da aikin.

Mataki na farko a gida ake yin sa. Ka je wurin likitan haƙori a garinku, ko a sashen haƙori na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba bakinka sosai, a ɗauki hoton da yake nuna haƙoran sama da na ƙasa da ƙashin muƙamuƙi a faifai ɗaya, sannan ka roƙi likitan ya rubuta maka abin da yake ganin kana bukata. Wannan takarda ita ce ma'aunin da za ka auna duk abin da asibitin waje zai ce maka. Idan likitan gida ya ce haƙora biyu ne suke bukatar aiki, asibitin can kuma ya duba hoton da ka tura ta WhatsApp ya ce sai an taɓa ashirin, to akwai tambayar da dole a amsa maka kafin ka sayi tikiti. A nan ne kuma za a gano ko kana da ciwon dasashi, wanda wajibi ne a yi maganinsa tukuna, domin dashen da aka yi a kan dasashi mai ciwo ba ya ƙarko. Mai ciwon suga ya tabbatar sugansa ya daidaita, mai hawan jini ma haka, wanda yake shan maganin tsinka jini ko maganin ƙarfafa ƙashi kuma ya sanar da likitocin biyu, kada ya daina shan magani da kansa.

Bayan haka sai ka fahimci irin aikin da za a yi maka da tsawon lokacin da yake ci, domin shi ne zai tsara tafiyar, hutun ya biyo baya.

Dashen haƙori shi ne a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wata ƙusa ta ƙarfen titaniyom a madadin saiwar haƙorin da ya fita. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark ne ya lura, a shekarun 1950, cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe ya manne da shi, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe. Wannan mannewa ba ta faruwa cikin mako guda. Yawanci tana ɗaukar wata uku zuwa shida, kuma takan fi haka idan ƙashin ya zaizaye har sai an yi masa ƙari, ko kuma idan turamen sama ne ake son dasawa har ya zama dole a ɗaga shimfiɗar kogon da ke gefen hanci don a samu wurin kafa ƙusar. Ma'anar wannan ita ce tafiya biyu ce a gabanka: ta farko a kafa ƙusa, ta biyu a ɗora haƙorin dindindin. Tallan da yake cewa za ka samu sababbin haƙora a rana ɗaya yana nufin haƙoran wucin gadi ne, waɗanda za ka yi amfani da su kafin ƙashi ya kama. Saboda haka duk lissafin da bai ƙunshi tikiti biyu da biza biyu da masauki sau biyu ba, lissafi ne da bai cika ba.

Aikin da ya fi jawo nadama kuwa shi ne na ado. Akwai siririn ɓawo na tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori bayan an ɗan kankare samansa kaɗan, akwai kuma hula da ake kifa wa haƙori gaba ɗaya, wadda sai an feƙe haƙorin ta kowane gefe ya zama ɗan tsinke kafin ta zauna. Mutane da yawa suna tafiya da tunanin ɓawo za a manna musu, sai su farga an feƙe musu lafiyayyun haƙora an sa huluna, alhali haƙorin da aka feƙe ba ya komawa yadda yake har abada. Yana iya fara tsami idan an sha ruwan sanyi, jijiyarsa tana iya mutuwa, kuma hular kanta sai an sauya ta bayan wasu shekaru, ma'ana ka ɗauki nauyin da za ka riƙa biya har tsufanka. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya ta yi wa mambobinta tambayoyi, kuma daga cikin waɗanda suka ce sun taɓa duba mutanen da aka yi wa aiki a ƙasar waje, kashi 86 cikin 100 sun ce sun yi jinyar waɗanda suka samu matsala bayan aikin. Wannan ba ya nufin Turkiyya ba ta da ƙwararru, tana da su da yawa. Abin da yake nunawa shi ne gaggawar cusa aikin watanni cikin hutun mako guda tana da tsada daga baya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan haƙoranka lafiyayyu ne, launinsu ko jerinsu kawai ke damunka, ka tambayi likita game da wanki ko ɗaurin waya kafin ka yarda a sa musu injin fiƙa.

Wajen zaɓen asibiti, doka ta sauƙaƙa maka wani ɓangare. Tun 2017 Turkiyya ta wajabta wa duk asibitin da yake karɓar marasa lafiya daga waje, da kamfanonin da suke shiga tsakani, su mallaki takardar izini ta musamman daga Ma'aikatar Lafiya, kuma ana wallafa sunayen waɗanda suka samu. Ka nemi a turo maka hoton takardar, ka kuma duba sunan da kanka. Sannan ka lura da wanda kake magana da shi, domin yawanci mai amsa saƙo a Instagram ko WhatsApp ɗan talla ne ko dillali mai cin kamasho, ba likita ba. Ka dage sai an ba ka cikakken sunan likitan da zai yi aikin da fannin da ya ƙware a kai, kuma ka yi magana da shi ta bidiyo. Ka tambaya ko akwai tafinta na Turanci ko Larabci ko Faransanci da zai kasance a ɗakin lokacin aikin, tunda takardar amincewa za ka sa wa hannu, kuma bai kamata ka sa hannu a kan abin da aka rubuta da Turkanci kaɗai ba.

Ka nemi tsarin aikin a rubuce, haƙori bayan haƙori, da farashin kowane abu. A rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar da za a dasa maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane kamfani da irin zarensa da makullinsa, kuma idan wani abu ya kwance bayan shekara biyu, likitan Kano ko Abuja ko Yamai zai fi samun kayan gyara na sanannun kamfanoni irin su Straumann ko Nobel Biocare ko Osstem fiye da na kamfanin da ba a san shi ba a wajen Turkiyya. Idan za a yi maka ƙarin ƙashi, ka tambayi daga me aka samo garin ƙashin da fatar da ake rufe shi da ita, domin wasu daga saniya ake haɗa su, wasu daga alade, wasu kuma haɗin masana'anta ne zalla, kuma Musulmi yana da damar ya zaɓa tun kafin a kwantar da shi. Garantin da ake yawan ambata shi ma ka karanta sharuɗɗansa, domin galibi yana nufin za a sake aikin kyauta idan ka koma, amma tikiti da otal a wuyanka suke. Kada ka biya kuɗin duka tun kana gida. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran kuma a biya bisa matakan aikin, a karɓi rasit.

Batun takardu ba shi da tsawo. Ɗan Najeriya yana bukatar biza, fasfonsa kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida, wasiƙar gayyata daga asibitin tana taimakawa, kuma jirgin Turkish Airlines yana tashi kai tsaye zuwa Istanbul daga Abuja da Legas. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta biyan kuɗin aikin da mutum ya tafi yi da gangan, ba ta kuma biyan matsalar da ta taso daga gare shi, don haka ka tanadi wani abu a gefe.

Yadda za ka jera kwanakin shi ne abin da zai sa hutun ya yi daɗi ko ya lalace. Idan tiyata za a yi maka, wato cire haƙora ko dashe, ka yi yawon buɗe idonka tukuna. Ka ga likita a rana ta farko ko ta biyu don a duba ka a ɗauki hoto, sannan ka ziyarci Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad da Fadar Topkapi, ka je unguwar Ayyub inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ka shiga jirgin ruwa a mashigin Bosforus, ka ci kasuwa, ka ci gasasshen nama yayin da bakinka yake lafiya. Bayan tiyata kumburi yakan kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, kuma a waɗannan kwanaki ba a son ka yi doguwar tafiyar ƙasa, ko iyo a teku, ko shiga gidan wankan tururi da aka san Turkiyya da shi. Sigari da shisha da zuƙar abin sha ta siririn bututu duk suna iya fizge gudan jinin da ya toshe ramin haƙori, abin da yake jawo ciwo mai tsanani. Shayin Turkawa mai zafi ma sai ya huce. Miyarsu ta wake mai laushi da kindirmo da dafaffen ƙwai za su riƙe ka. Wanda ya zaɓi Antaliya saboda bakin teku ya fi kowa bukatar wannan tsari, tunda abin da ya kai shi can shi ne abin da za a hana shi bayan aikin. Idan huluna ne za a sa maka, tsarin ya ɗan bambanta, domin akwai kwanaki tsakanin ɗaukar awo da ɗora su waɗanda za ka iya yawo a cikinsu da na wucin gadi, muddin ka guji tauna abu mai tauri. Ka kuma guji sa tiyata cikin watan azumi in da hali, saboda magungunan da za ka riƙa sha a kan lokaci.

Kada ka sa ranar dawowa washegarin gama aiki. Ka bar kwana biyu ko uku don likita ya sake duba ka, ya daidaita cizo idan wani haƙori yana riga sauran haɗuwa, kuma idan an taɓa kogon gefen hanci, shi ne zai faɗa maka ranar da ya dace ka hau jirgi.

Kafin ka bar asibitin, ka karɓi hotunan da aka ɗauka kafin aiki da bayansa, da rahoton abin da aka yi wa kowane haƙori da Turanci, da katin dashe mai ɗauke da sunan kamfani da girman ƙusar da lambarta, da sunayen magungunan da aka ba ka. Idan ka iso gida, ka kai wa likitan da ya fara duba ka waɗannan takardu, shi ne zai cire zaren ɗinki idan ba mai narkewa ba ne, ya kuma riƙa duba dasashin da ke kewaye da dashen duk bayan wata shida. Idan ka ga kumburi yana ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko leɓe ya ci gaba da mutuwa bayan allurar ta sake ka, ka je asibiti mafi kusa a ranar, sannan ka sanar da likitan Turkiyya abin da aka gani.